Ƙuduji a gonar Baba, da mutumin Habasha da ya gano yadda yake jin kiran dawa

Ranar juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci na ɗau babur na tahi ƙauyenmu can bayan Mirya, don in ga gona kafin a fara yankan hatsi. Hatsin jigawa alhamdulillahi ba laifi, amma da muka gangara ƙasan gonar inda Baba ke shuka dawa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Daga nesa ka ce wani ne ya shuka furen ado, wuri duk ya yi ja-ja mai ruwan hoda, ita kuwa dawar ta tsaya iya ƙugu, ganye ya yi rawaya ya nannaɗe kaman an yi sati uku ba ruwa, alhali shekaranjiyan nan aka yi ruwa, ƙasa da danshinta har tana kama takalmi. Ƴar ƙanena mai shekara biyar ta ruga ta tsinko furen cike da hannu tana cewa Baffa duba mai kyau, Baba ya karɓe a hankali ya ce mata, a'a amarya, wannan ba abin wasa ba ne, shi ya cinye miki tuwon bana.

Ƙuduji kenan. Ƴan uwanmu na Najeriya wasu na ce mishi wuta-wuta, kuma sunan ya dace da shi don gonar da ya kama sai ka ga kaman wuta ta bi ta ƙarƙashinta. Tun ina yaro nake jin Baba na faɗin magana guda a kanshi, wai ƙuduji ba ya shiga gonar da ta ƙoshi, sai gonar da ta gaji. Na ɗauki maganar a irin zancen manya da ake ji a wuce. Ashe akwai waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wurin gano dalilin wannan magana, kuma ɗaya daga cikinsu nake so in ba ku labari, don ni dai tun da na karanta aikinshi kallon da nake ma gonarmu ya canza.

Sunanshi Gebisa Ejeta. Wani abokina da muka yi lise tare, shi ya wuce ya karanci harkar noma ni na koma koyarwa a kwaleji nan cikin Damagaram, shi ne ya turo mini takardu a WhatsApp bara lokacin da na yi mishi kukan wannan gona. An haifi Ejeta a 1950 a wani ƙauye na Habasha da ake kira Wollonkomi, a ɗakin ciyawa guda ɗaya ya tashi, kuma ƙauyen ba lakwal, sai ya taka wajen kilomita 20 zuwa garin da ke da ita, ya tahi da yammacin lahadi ya komo juma'a, mahaifiyarshi ce ta tsaya kai da fata sai ya yi karatu. Da na karanta wannan wurin sai da na aje waya na yi shiru, don a ajina yanzu haka akwai yara irinshi, masu zuwa daga ƙauye su zauna gidan dangi, ranar lahadi ka gansu da ƴar ledar gari da ƙuli-ƙuli. Ya gama kwalejin noma ta Alemaya a 1973, ya tahi jami'ar Purdue a Amurka ya yi digirin dakta a 1978, sai ya dawo Afirka ya kama aiki da ICRISAT a Sudan, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da mu ma muke da reshenta a Sadore kusa da Yamai.

A Sudan ɗin ya fidda dawa mai aure da ake kira Hageen Dura-1 a 1983, mai jure fari, irinta ta farko da aka yi don manoman Afirka. Mai aure na nufin an haɗa layi biyu na dawa da gangan, uwa daban uba daban, ɗan da suka haifa ya fi su duka ƙarfi da yawan amfani, amma sharaɗinta kowace shekara sai ka sayi sabon iri, in ka ɗebo daga rumbu ka mayar ƙasa jikokin za su watse kowa ya kama gabanshi. Mu ma nan Nijar aikinshi ya iso mu, don a shekarun 1990 shi da wani ɗalibinshi tare da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasarmu, suka fidda wata mai auren don ƙasarmu, sunanta NAD-1. Amma abin da ya sa duniya ta san shi sosai shi ne ƙuduji, wanda ya duƙufa a kai bayan ya koma Purdue a 1984, shi da wani masanin sinadaran tsirrai Larry Butler.

Kafin in faɗi me suka yi sai na bayyana yadda abin nan ke rayuwa, don sai ka san makircinshi za ka gane girman aikin.

Irin ƙuduji ƙura ne. Na gwada da kaina, na samo busasshen kai guda na kai aji na kakkaɓe shi bisa farar takarda, yara suka taru suna leƙe, abin da ya zubo kaman an barbaɗa garin taba, sai da muka sa gilashin ƙara girma kafin su yarda kowane ɗigo iri ne. Tsiro guda na iya zubar da iri 50,000, wani lokaci ya ninka haka, kuma irin na iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 da ranshi yana jira. Da yake ƙarami ne ba shi da guzuri, in ya tsira bai samu saiwar da zai maƙale ma ba cikin ƴan kwanaki sai ya mutu. Don haka ba ya tsira don ruwa ya sauka kawai irin sauran haki. Sai ya sha damshi da ɗumi na sati ɗaya ko biyu tukuna, sannan ya kasa kunne, sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko hatsi ko masara ke fitarwa cikin ƙasa, a nan ne zai san abinci ya zo kusa. Sai ya fidda ɗan zare ya taɓa saiwar, ya huda ta ya haɗa jijiyarshi da tata, ya dinga zuƙe ruwa da abincin da dawa ta wahala ta tara. Duk wannan a ƙarƙashin ƙasa, sati huɗu, biyar, shida, ba wanda ya gan shi. Lokacin da ya leƙo waje har ya yi furen da ƴar ƙanena ta tsinka, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Shi ya sa manomi zai yi noman fari ya yi maimai gona fes, amma dawa na ramewa a gabanshi ya rasa dalili. Turawa ma sunan da suka laƙa mishi ma'anarshi mayen haki.

To a da, mai son fidda dawar da ke jure ƙuduji sai ya shuka ɗaruruwan iri a gonar da ke da shi ya jira damina ta ƙare ya ƙirga. Kuma kowa ya san gona ba ta zama ɗaya, nan ƙuduji ya yi yawa can babu, bana ruwa ya yi baɗi ya ƙi, sai ka zaɓi dawa kana murna ashe sa'a ta yi ta faɗa inda ba iri. Shekaru na wucewa ba a ci gaba ba. Su Ejeta sai suka ce bari a rarraba rayuwar abin nan gaɓa-gaɓa, tsirowa daban, maƙalewa daban, hudawa daban, girma daban, a nemi dawar da ke tare mishi hanya a kowace gaɓa. Sai suka ƙirƙiro wani gwaji mai sauƙi da suka wallafa a 1992, wanda ni har yau in na tuna shi daɗi nake ji. Ɗan faranti ne na gilashi, a zuba wani abu mai kama da kamu da ya daskare amma garai-garai ana ganin ciki, a barbaɗa irin ƙuduji a ciki, a kwantar da ƙwayar dawa da ta fara tsiro a gefe. Bayan ƴan kwanaki a duba da madubin bincike, a auna daga saiwar dawa zuwa irin ƙuduji mafi nisa da ya farka. Dawar da muryarta ke da ƙarfi za ka ga ta tada iri har can nesa da ita, wata kuwa sai na jikinta kaɗai, ko ma babu. Aikin damina guda ya koma aikin sati, a bisa tebur.

Da wannan suka tabbatar akwai wata dawa, SRN39, da kusan ba ta tada ƙuduji, kuma suka gano halin nan gado ne da ƙwayar gado guda ɗaya ke riƙe da shi, irin wanda sai ɗa ya gado shi ta uwa da uba duka kafin ya nuna. Tunda guda ce, ana iya ɗauko ta ta hanyar barbara a sa cikin wata dawar da mutane suka fi so. Haka suka yi, a 1994 aka samar da tan 8 na sabbin iri a Purdue aka rarraba ma ƙasashen Afirka fiye da 10, har da Nijar da Mali da Sudan da Habasha. SRN39 ɗin ita kanta tana cikin jerin irin dawa da aka amince da su a ƙasar nan, tare da su Sepon 82 da IRAT 204 da Mota Maraɗi. A 2009 aka ba Ejeta babbar kyautar abinci ta duniya a jihar Iowa, kyautar da Norman Borlaug ya kafa, mutumin da ya yaƙi tsatsar alkama a Meziko ya samu Nobel a 1970. A 2023 kuma shugaban Amurka na lokacin Joe Biden ya rataya mishi lambar kimiyya ta ƙasa.

Amma ni ba lambobin ne suka kama ni ba, ga wurin da ya kama ni. Tambaya ce da kowane manomi zai yi, me ya sa dawa za ta dinga kiran maƙiyinta da bakinta? Amsar ta fito ne a hankali daga hannun mutane da yawa. Tun 1966 aka fara ware irin wannan sinadari, kuma abin mamaki daga saiwar auduga, wadda ƙuduji ba ya iya ci. A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa ashe ba ƙuduji shuka ke kira ba. Akwai wasu ƙananan halittu cikin ƙasa, dangin naman kaza ne amma sirara kaman zaren gizo, suna shiga saiwa su miƙa zarensu nesa su jawo mata abinci, musamman fosfor, wato harafin P ɗin nan da ke jikin buhun takin 15-15-15, ita kuma ta biya su da sukari. Su shuka ke kira. Kuma in ƙasa ta rasa fosfor sai shukar ta ƙara ɗaga murya, ta ƙara zubo sinadarin don neman taimako. Ƙuduji na kwance yana saurare, kukan yunwar da dawa ke yi shi ke tada shi. Ƙasarmu ta rairayi kuwa sananniya ce wurin ƙarancin fosfor, balle gonar da aka shekara 30 ana nomawa ba hutu ba taki, ana kwashe kara har na ƙarshe a kai gida don dabbobi da darni.

Daren da na fahimci wannan ban yi barci da wuri ba. Maganar Baba ce sak, gonar da ta gaji. Shi ya gani da ido shekara da shekaru, su kuma suka bi ta da faranti da madubi har suka kamo dalilin. A 2017 ɗaliban Ejeta tare da masu bincike na jami'ar Wageningen a Holan suka gano ainihin ƙwayar gadon, suka sa mata suna LGS1, suka nuna cewa SRN39 ba shiru ta yi ba, tana fidda sinadarin amma wani kala daban, wanda ƙuduji ba ya ji sosai. Wato muryar ce ta canza. Daga gwajin faranti zuwa nan shekara 25 kenan, ku duba irin haƙurin.

Ranar juma'ar nan da muka zauna gindin gawo na yi ma Baba wannan bayani duka da Hausa, ba fosfor ba LGS, na ce mishi dawa ce ke kukan yunwa shi kuma ɓarawo na jin kukan. Ya daɗe yana kallon ƙasa sannan ya nuna mini da sanda ya ce, to kai malam duba nan ƙarƙashin gawon, ka ga ko ɗaya? Na duba, ƙwara biyu uku ne kawai, dawar wurin kuwa ta fi ni tsawo. Nan dabbobi ke kwana da rani suna cin ƴaƴan gawo suna zuba kashi, nan ganye ke zuba da damina ta kama. Ya ce a zamanin kakanku Fulani na sauka gonar nan bayan kaka su yi wata guda, a ba su dame su bar mana taki, ƙuduji sai dai mu gan shi a gonar wani. Yanzu gonar an raba ta gida huɗu, kara ma kuɗi ne, wa zai bar shi a gona.

Shi kanshi Ejeta bai taɓa cewa iri kaɗai ya isa ba, wannan na cikin abin da ya sa nake ganin girmanshi. A Habasha da aka fidda irinshi da sunayen Gobiye da Abshir da Birhan, tare aka haɗa ma manoma abu uku, irin mai juriya, da taki, da kunya mai ɗauri da ke tare ruwan sama kar ya gudu. Mu ma muna da namu dabarun da aka gwada a ƙasar nan, tassa da ake haƙawa a zuba taki a ciki, da ɗan takin zamani cikin marfin kwalba ko tsunkule da yatsa uku a kowane rami wanda ICRISAT da INRAN suka daɗe suna koyarwa, ba sai kana da kuɗin buhu biyar ba. Sai kuma yaudarar ƙuduji da shukar da ke tada shi amma ba ya iya cin ta, irin gujiya da riɗi da auduga, ya tsira ya rasa wurin kamawa ya mutu, kowace damina rumbunshi na cikin ƙasa na raguwa. Wake ma na yin wannan aiki a kan ƙudujin dawa, sai dai shi yana da nashi ƙudujin daban, gajere, da ke cin shi.

Akwai kuskure guda da muke yi a gidanmu shekara da shekaru wanda sai bara na gane. Muna jira sai ya yi fure ya fito fili sannan yara su bi su tuge, su jibge a bakin gona ko kan hanya. Ashe wanda ya riga ya yi fure ko an tuge shi yana iya ƙarasa nunar da irinshi a jibgen, iska da kofato da ruwa su mayar mana da shi. Ga kuma zangarniyar da ake shanyawa a ƙasa cikin gonar, ƙurar irin ta manne a jiki, baɗi mu shuka shi da hannunmu a wata gonar. Bana kam duk wanda muka tuge ranar nan a buhu muka sa, muka haƙa rami muka ƙone.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. Da bazarar bana na zagaya shagunan masu saida iri da magani nan cikin gari wajen guda biyar ina tambayar dawa mai jure ƙuduji, na faɗi sunan SRN39 na rubuta a takarda, ba wanda ya taɓa ji, wani ma maganin feshi ya miƙo mini ya ce wannan na kashe kowane haki. Ban ga laifinsu ba, abin da aka kawo musu suke saidawa. Amma iri an yi shi fiye da shekara 30, sunanshi na cikin littafin iri na ƙasa, manomin da aka yi don shi yana nan kilomita 20 daga babban gari bai san akwai shi ba, wannan abu da ciwo. Na san akwai dalilai, wasu sun ce tsofaffi ba sa son gajerar dawa don karanta ba ya yin darni ko rufi, wasu tuwonta ne bai musu ba, tsuntsu ma na damun farar dawa mai saurin nuna in kai kaɗai ka shuka ta a yankin. Duk gaskiya ne, amma ai sai mutum ya samu tiya guda ya gwada kafin ya ce yana so ko ba ya so.

Na biyu kuma, mu nan Damagaram hatsi ne ranmu, hurar safe da tuwon dare, dawa na biye ne. Kuma a hatsi har yanzu ba a samu abin da ya kai na dawa ƙarfi ba. Hatsi iska ke yi mishi barbara, kowace zangarniya na karɓar garin fure daga maƙwabta, don haka riƙe hali guda a cikinshi ya fi wuya, ba kaman dawa da galibi ke barbarar kanta ba. Ana aiki a kai a Sadore, kuma a jami'ar KAUST ta Saudiyya suna haɗa sinadarin kiran nan na roba don a zuba a gona ba shuka, ƙuduji ya tsira gaba ɗaya ya mutu da yunwa, har an gwada a gonakin Burkina Faso. Ina fatan cikin yaran da ke karatu a jami'ar André Salifou nan garin, ko cikin ƴan ajina masu ledar gari, Allah ya fidda wanda zai zauna ma hatsi irin zaman da mutumin nan ya yi ma dawa. Shekaranjiya na ba ƴan ajina labarinshi, da na zo wurin tafiyar kilomita 20 wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce mushe, mu namu 14 ne.

Kafin in baro ƙauye Baba ya yarda ya ba ni gefen gonar da ƙuduji ya fi ci, taku 30 a tsaye 20 a kwance, mun kafa duwatsu a kusurwa huɗu. Baɗi in Allah ya kai mu rabi gujiya zan sa, rabi dawa da taki a rami, abokina ya yi alkawarin nemo mini irin daga Maraɗi ko da tiya guda ce. Ƙanena zai fara kai takin awaki da amalanke da zarar an gama ɗaurin dame. Baba ya ce sharaɗinshi ɗaya, in dawar ta yi, Inna ce za ta tuƙa tuwon farko, ita za ta faɗi ko za a sake shukawa.